Fim da Magajinsa: Tarken Jurassic Park (1993) da The Lost World (1997)

Gabatarwa

Duk marubucin da labarinsa ya karɓu yakan fuskanci roƙon masu karatu cewa ya yi masa kashi na biyu. Ɗalibanmu sun san wannan, domin littattafanmu na ƙagaggun labarai da finafinanmu sukan fito kashi-kashi. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne abin da kashi na biyu yake bukata kafin ya cancanci a rubuta shi. Don haka a wannan maƙala za mu kwatanta finafinai biyu na Steven Spielberg, wato Jurassic Park na 1993 da magajinsa The Lost World na 1997. Dukkansu an gina su ne a kan littattafan Michael Crichton, na 1990 da na 1995, kuma suna magana ne a kan dainoso, dabbobin zamanin da can waɗanda suka ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Jigo

Jigon fim na farko shi ne girman kan ɗan Adam. Attajiri John Hammond ya sa masana sun zaƙulo ƙwayoyin halittar dainoso daga jinin da ke cikin sauron da ya maƙale a daskararren ƙaro, suka cike giɓin da na kwaɗo, suka raya dabbobin a tsibirin Nublar kusa da Kosta Rika domin 'yan kallo su biya kuɗi su gani. An yi su duka mata don kada su hayayyafa, an kewaye su da waya mai lantarki. Masanin lissafi Ian Malcolm ya yi gargaɗin cewa rai ba ya zama inda aka ajiye shi, kuma kowane sashe na labarin yana gaskata shi. Ma'aikaci ɗaya mai kwaɗayi, Dennis Nedry, ya kashe wutar shingen don ya saci 'yan tayi, sannan Alan Grant ya tsinci ɓawon ƙwai a daji, shaidar cewa dabbobin sun fara haihuwa.

Fim na biyu ya ɗauko jigon kare dabbobi daga masu neman riba. Ya kai mu tsibiri na biyu, Sorna, inda ayari biyu suka haɗu: masu nazari, da mafarautan da Peter Ludlow ya kawo don su kwashe dabbobin zuwa Amurka. Jigon mai kyau ne, amma warwararsa ta ci karo da shi. Waɗanda aka nuna mana a matsayin mutanen kirki su ne silar yawancin mace-macen. Nick da Sarah suka buɗe kejina, dabbobin suka rushe sansanin mafarauta da na'urorin sadarwarsu. Nick ya ɗauko ɗan Tireks mai karayar ƙafa ya kai motar da suke kwana a ciki, iyayen suka biyo sawu, Eddie ya rasa ransa wajen ceton abokansa. Sarah, wadda aka ce ta ƙware a halayyar namun daji, ta ci gaba da yawo da riga mai jinin ɗan, har warin ya jawo iyayen zuwa inda jama'a suke barci. Ba laifi ba ne tauraro ya yi kuskure. Laifin shi ne labarin bai taɓa tuhumar su ba. A fim na farko Hammond ya ga sakamakon aikinsa ya sauko daga kan bakansa. A na biyu babu wanda ya yi nadama cikin waɗannan.

Zubi da Tsari

Ƙarfin fim na farko yana cikin haƙuri. Cikin minti 127, dainoso sun bayyana na kimanin minti 15 kawai. An ɗauki kusan awa guda ana tattaunawa, ana zagaya gandun, ana jiran Tireks ta fito ta ci akuyar da aka ɗaure mata, ta ƙi fitowa. Sa'ad da za ta zo, ruwan da ke cikin kofi muka fara gani yana girgiza. Kafin tsoro kuma an ba mu mamaki: fuskokin Grant da Ellie Sattler muka fara kallo, sannan aka nuna mana dogon wuyan da suke kallo.

A 1997 kan mage ya waye, mai kallo ya riga ya san dabbobin, don haka aka nemi cike gurbin mamaki da yawa: Tireks biyu da ɗansu, garken da ake kora da motoci, gawa a kan gawa. Sashen ƙarshe, inda Tireks ya shiga birnin San Diyego, babu shi a littafin Crichton, kuma ɗinkinsa a bayyane yake. Jirgin ruwan ya daki gaɓa ma'aikatansa duk a mace, alhali dabbar tana kulle a cikin ɗakin kaya, ba a kuma bayyana mana wanda ya kashe su ba. Sunan jirgin, Venture, an aro shi daga King Kong na 1933, wanda ke nuna cewa a nan mai shirin ya koma wasa da tsofaffin finafinai.

Taurari

Grant ya shiga tsibiri ba ya son yara, ya fito jikokin Hammond biyu suna barci a kafaɗunsa. Wannan sauyi shi ne ƙashin bayan labarin. Malcolm kuwa ya yi armashi a fim na farko saboda yana gefe yana zolaya. Da aka mai da shi babban tauraro, sai ya zama mai maimaita gargaɗin da kowa ya riga ya yarda da shi. 'Yarsa Kelly ma ba ta samu aikin yi ba, sai wasan lilon da ta harbe dabba da shi.

Adalci ya wajabta mu ambaci Roland Tembo, maharbin da Pete Postlethwaite ya fito a matsayinsa. Ya zo da buri ɗaya, ya farauci namijin Tireks. Ya kama shi, amma ya rasa amininsa Ajay, ya ƙi aikin da Ludlow ya yi masa tayi, ya juya ya tafi. Shi kaɗai ne tsibirin ya koya wa wani abu, kuma a ganinmu da an gina labarin a kansa da ya fi haka ƙarfi.

Salo

Ta fuskar gwaninta, fim na biyu bai gaza ba. Inda Sarah ta faɗa kan gilashin motar da ke reto a bakin kwazazzabo, gilashin yana tsagewa a hankali ƙarƙashin tafukanta, ya kai duk wani wuri na fim na farko. Haka ma inda aka hango daga sama layukan da dabbobi suke shatawa cikin doguwar ciyawa suna nufo mafarauta. Abin lura shi ne wuraren biyu sun yi nasara ne da dabarar fim na farko, wato ɓoye dabbar da tsawaita jira.

Kammalawa

Fim na farko ya tara sama da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko, ya kuma ci lambobin Oska 3. Na biyu ya tara sama da miliyan 600. Kasuwa ta karɓi duka biyun, amma mu a nan mizaninmu na adabi ne. Na farko ya yi tambaya ya amsa ta da dukkan sassansa. Na biyu ya gaji dabbobi da taurari, ya ɗauko jigo bai riƙe shi da gaskiya ba. Ɗalibin da yake shirin rubuta kashi na biyu na labarinsa ya fara tambayar kansa wace magana ce ta rage bai faɗa ba, kuma wane tauraro ne zai ɗauki nauyinta. In bai samu amsa ba, gara ya bar labarin inda ya tsaya.