Yabon Mai Haja

A zamanin nan kamfanoni da yawa sukan buga hoton ganye a jikin kayansu, su ce ba sa ɓata iska ko ruwa. Aibin irin wannan talla shi ne yabo ya yi yawa, hujja kuwa babu.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya daɗe yana yi wa motocinsa masu shan dizal kirari da tsabtar hayaƙi. Cikin 2015 hukumar Amurka ta tona asiri, ashe an shirya su ne su rage gubar hayaƙi lokacin gwaji kaɗai. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11.

Saboda haka lalle mai saye ya tambaya: me aka auna, wa kuma ya auna? In ba shaida sai mai haja, a yi hattara.