A zana mana gawo da fadama

'Yan shekarun nan bangon ɗaki ya sauya a garuruwanmu. Leƙa falon amarya, ko shagon aski, ko wajen mai ɗaukar hoto, za ka tarar da ruwa na kwararowa daga kan dutse, ko korayen bishiyoyi sun jeru bakin tafki. Wasu masana zane suna raina wannan yayi, su ce kwalliya ce kawai. Ban yarda da su ba. Wanda ya yini cikin hayaƙin A Daidaita Sahu da ƙarar janareta, in ya dawo gida ya nemi inda idonsa zai huta, ya san abin da ransa ke bukata.

Bukatar ma tsohuwa ce. A ƙasar Sin an yi wani mai zane, Zong Bing, wanda ya rasu a shekarar 443. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen yawon duwatsu. Da tsufa da ciwo suka hana shi fita, sai ya zana duwatsun a bangon ɗakinsa, yana kwance yana bin hanyoyinsu da ido. Shi ma Claude Monet na Faransa ya shafe shekarun ƙarshen rayuwarsa yana zana furen bado na tafkin lambunsa a Giverny. Da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, ya yi wa ƙasarsa kyautar manyan zanen, aka buɗe su ga jama'a a Paris a 1927, a ɗakuna biyu masu siffar ƙwai. Har gobe mutane na shiga su zauna shiru.

Bincike ma ya taɓa batun. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa nazarinsa kan majinyata 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibitin Pennsylvania, a Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida da kusan kwana guda, kuma ba su bukaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. Daga baya, a Uppsala ta Suwidin, shi da abokan aikinsa suka rataya wa waɗanda aka yi wa aikin zuciya hotuna. Masu kallon ruwa da bishiyoyi sun fi samun kwanciyar hankali. Zane ba ya maye gurbin likita, amma wanda ke kwance ba shi da abin kallo sai bango, kuma bango yana iya taimakonsa.

A wurinmu, ta fuskar addini ma, ƙofar a buɗe take. Malamai na kawo labarin mai zanen da ya je wa Abdullahi ɗan Abbas da tambaya, Abdullahi ya ce masa ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Wato mai zanen daji da kogi ba shi da fargaba, haka mai ratayewa.

Damuwata ɗaya ce: yawancin abin da ke bangonmu bugun inji ne daga waje, dusar ƙanƙara da dogayen itatuwan ƙasashen sanyi, launi ya yi ƙyalli har yana kashe ido. Yana burgewa, sai dai ba ya taɓa komai a cikin ƙwaƙwalwa. Natsuwar da nake nufi tana zuwa ne idan ido ya gane wurin. Tsohon da ya taso a karkara, ka nuna masa gawo kore shar a tsakiyar rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, shanu na kwance a inuwarsa. Nan take zai ji ƙamshin ƙasar. Haka kuka a lokacin hunturu, ko Dutsen Kufena da yamma, ko ruwan Matsirga, ko tsuntsayen dausayin Haɗejiya da Nguru.

Muna da masu hannu. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yaye su, ga kuma masu zanen bayan tirela da gwanintarsu ba ta bukatar shaida. Abin da suka rasa shi ne mai saye. Duk mai gina asibiti ko makaranta, ya ware ɗan abu daga kuɗin fenti ya kira ɗaya daga cikinsu, ya ba shi bangon ɗakin masu jinya ko na haihuwa, ya kuma ba shi lokaci ya je fadama ya zauna ya kalle ta kafin ya ɗauki burushi.