Jinjina Ga Masu Balangun Kasuwar Shanu

Baƙon da ya zo Maiduguri hutun ƙarshen mako, akan kai shi ƙofar fadar Shehun Borno, a zaga da shi gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Ni kuwa nawa baƙon, Kasuwar Shanu nake kai shi da la'asar ɗin Asabar. Ya ga shanun da suka fito daga Chadi da Kamaru, ya ga ana loda su a tireloli zuwa Legas, sannan mu zauna kan bencin mai nama.

Waɗannan bayin Allah su nake yi wa jinjina. Tun da asuba suna kwata suna zaɓen nama. Sun san wanda zai yi tsire da wanda sai balangu, sun san wutar garwashin da ba ta ƙona kitse. Yankan albasarsu ma abin kallo ne. Dillali da direba da baƙo mai babbar riga, takarda ɗaya ake naɗe wa kowa.

Ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta jigata garin, amma tukuba ta sake hayaƙi.

Idan ka je, ka ce a ƙara maka yaji.