Tarken Hanyar Kwatance a Nazarin Manufofin Tsaro: Misali Daga Lafiya

1.0 Gabatarwa

Hanyar kwatance tana daga cikin hanyoyin da ake koya wa ɗaliban kimiyyar siyasa a jami'o'i domin auna manufofin hukuma. Ana danganta tushenta da John Stuart Mill (1843), wanda ya nuna cewa idan abubuwa biyu suka yi kama ta kowace fuska ban da ɗaya, kuma sakamakonsu ya sha bamban, to a wannan fuskar za a nemi dalili. Daga baya Przeworski da Teune (1970) da kuma Lijphart (1971) suka daidaita hanyar domin kwatanta ƙasashe. Manufar wannan maƙala ita ce tarken hanyar ta fuskar tsaro, tare da misali daga Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa, inda Jami'ar Tarayya ta fara aiki a 2011. Za a dubi abubuwa biyu: cuɗanyar wuraren da ake kwatantawa, da kalmomin da ake kwatancen da su.

2.0 Nasarawa da Binuwai: Kwatance Mai Jan Hankali

Duk ɗalibin da ke Lafiya, idan aka ce ya zaɓi jihohi biyu masu kama da juna, Nasarawa da Binuwai zai fara hangowa. Maƙwabta ne, duka suna cikin kwarin Kogin Binuwai, noman doya da riɗi da shinkafa ya haɗa su, kuma duka sun sha fama da rikicin manoma da makiyaya. Haka nan 'yan sandansu ɗaya ne, domin sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 bai yarda da wata rundunar 'yan sanda ba sai ta tarayya. Bambancin da ya fito fili shi ne, a 2017 gwamnatin Samuel Ortom ta kafa dokar hana kiwon sake a Binuwai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba, alhali gwamnatin Umaru Tanko Al-Makura ba ta yi irinta a Nasarawa ba. A zahiri, sharaɗin Mill ya cika: a ƙirga hare-hare a nan, a ƙirga a can, sai a yanke wa dokar hukunci.

3.0 Matsalar Cuɗanya

Sai dai wannan lissafi yana da rauni tun daga tushe. Hanyar tana ɗauka cewa kowane ɗaya daga cikin wuraren biyu zaman kansa yake yi, wato abin da ya faru a ɗaya bai shafi ɗayan ba. Tun a 1889 Francis Galton ya yi wannan ƙorafi a kan kwatanta al'ummomin da ke aron al'adu daga juna. A nan ma haka abin yake, domin da dokar ta fara aiki, makiyaya da yawa sun ƙaura da shanunsu zuwa ƙananan hukumomin kudancin Nasarawa irin su Awe da Keana da Doma da Obi, inda kuma akwai manoma Tibi da Alago. Ashe ke nan Nasarawa ba jiha ce da dokar ba ta taɓa ba. Jiha ce da ta ɗauki wani kaso na nauyinta. Manazarcin da ya ga rikici ya ƙaru a Nasarawa, ya ce rashin doka ne sanadi, ya yi tuya ya manta da albasa. Ita kanta rundunar soja da ta ƙaddamar da farmakin Whirl Stroke a 2018, Binuwai da Nasarawa da Taraba ta haɗa a fage ɗaya.

Bugu da ƙari, kamannin jihohin bai kai yadda ake zato ba. Binuwai tana da ƙabila guda mafi rinjaye, wato Tibi. Nasarawa kuwa, wadda aka ciro daga Filato a 1996, taron ƙabilu ce: Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Fulani da sauransu, ga masarautar Lafiya mai tushen Barebari. Kisan jami'an tsaro masu yawa da aka yi a Alakyo, kusa da Lafiya, a watan Mayun 2013, wanda aka danganta da ƙungiyar Ombatse, ba rikicin kiwo ba ne. Wanda ya zuba shi cikin ƙidaya ɗaya da rikicin Keana ya gauraya gero da tsakuwa.

4.0 Matsalar Kalmomi

Wannan ita ce ta fi shafar masana harshe. Sartori (1970) ya yi gargaɗi a kan miƙe kalma har ta rufe abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. Ɗalibi yakan yi hira da mutane da Hausa, kasancewarta harshen kasuwa da cuɗanya a Lafiya, sa'an nan ya rubuta sakamako da Ingilishi, inda kalma ɗaya ko biyu kan haɗiye waɗannan duka:

(a) dogari: mai tsaron sarki da fada;
(b) ɗan doka: ɗan sandan En'e, kafin mulkin soja ya haɗe su da na tarayya;
(c) ɗan banga: ɗan sintirin unguwa, amma a wani bakin ɗan daban siyasa;
(d) ɗan sa-kai: wanda ya ɗauki makami don kare ƙauye, da izini ko babu;
(e) ɗan ƙato-da-gora: matashin da ya mara wa soja baya a Maiduguri tun daga 2013.

Kowace kalma a nan tana ɗauke da bayanin wanda ya ba da izini da wanda ake yi wa biyayya, kuma wannan shi ne ainihin abin da nazarin manufofin tsaro yake nema. Idan manomi a Doma ya ce "'yan banga sun zo", sai an san ko kariya yake nufi ko barazana kafin a sa maganarsa a jadawali. Matsalar takan ƙaru idan aka tsallaka Nijar, inda jandarma da ɗan sanda da gardi kowa da hurumin aikinsa, bisa tsarin da aka gada daga Faransa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ba a ce a yi watsi da hanyar kwatance ba, domin ita ce ke hana manazarci ɗaukar abin da ya gani a garinsu a matsayin dokar duniya. Abin da ake nufi shi ne a gyara ma'auni. Na farko, maimakon jiha da jiha, a kwatanta ƙaramar hukuma da ƙaramar hukuma, ko wuri ɗaya kafin 2017 da bayanta, tare da bin sawun ƙaurar mutane da dabbobi. Na biyu, a fayyace ma'anar kowace kalma a harshen da aka ji ta kafin a fassara. Wannan aiki ne da ya kamata sassan kimiyyar siyasa da na harsunan Nijeriya su yi tare, domin ɗaliban da ake horarwa yau su ne gobe za su ba hukuma shawarar da rayukan manoma da makiyaya suka rataya a kanta.