Uban da Tatsuniya Ta Ɓoye: Nazari a kan Alhaki Kuykuyo Ne

Duk wanda ya saurari tatsuniyoyin Hausa da kunnen basira zai lura da wani abu guda. Yaro ya kan sha wuya ƙwarai a cikinsu, amma da ƙyar a ji an ce wanda ya haife shi ne ya ba shi wuyar. Kullum akwai wadda a ke jingina wa laifin, watau kishiyar uwa. Haka abin ya ke a yawancin labarun marayu da ke cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa wanda Frank Edgar ya tattara aka buga daga 1911 zuwa 1913, haka kuma ya ke a bakin tsofaffin da ke yi wa jikoki gatanan gatananku, ko a cikin birni ko a ƙauyukan gabashin Kano irin su Balan ta ƙasar Gaya da na yankin Ajingi.

A ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta bakin tsofaffi, wadda ta girmi littafin Abubakar Imam mai wannan suna. Mutum ne da matansa biyu, bora da mowa, kowace da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar bora laifin ɓata ƙirgi, aka kore ta ta je ta wanko shi a ruwan da ba wanda ya san inda ya ke. Ta yi ladabi ga abubuwan ban tsoro da ta tarar a hanya, ta ɗauki ƙaramin ƙwai, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta zaɓi babban ƙwai, ta komo da kutare da makafi. Yara su kan yi dariya, a ce ƙurunƙus. To, amma wa ya mai da ɗaya bora ya mai da ɗaya mowa? Maigida ne. Shi ya raba gidansa biyu, a gabansa aka kori 'yar cikinsa, kuma tatsuniyar ta ƙare ba a yi masa hukunci ba, ba a ma tuna da shi ba.

Wannan ɓoyo bai tsaya ga Hausawa kaɗai ba. 'Yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, waɗanda Imam ya ɗebi wasu labarunsu ya yi musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, sun yi irinsa da hannunsu, har ana iya bin sawunsa shekara da shekara. A bugun farko na littafinsu, na 1812, uwa mahaifiya ce ta nemi kashe 'yarta don ƙyashin kyanta, uwa mahaifiya ce kuma ta sa aka yar da yara biyu a kurmi. A bugun 1819 ta farkon ta zama matar uba, a na 1840 ta biyun ma ta bi ta. Jama'a ba ta son jin cewa cuta na iya fitowa daga inda nono ya fito.

Rubutattun labarai na farko ma sun bi wannan hanya, sai dai sun sauya wanda a ke jingina wa. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, 1934, ɗa ya lalace, ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Uban nan, Malam Shehu, da ƙarfin dukiya ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar, amma abin da ya rushe gidan sammu ne da Abubakar ya yi tafiya mai nisa ya samo. Sharrin daga waje ya shigo. Tsakanin uba da ɗa littafin bai ga kome ba sai so da ƙaddara.

Saboda haka ne littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ya cancanci a dube shi da natsuwa fiye da yadda aka saba duban littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Labarinsa gajere ne. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri a Kano, matarsa Rabi, 'ya'yansu tara. Kuɗin cefanen da ya ke bayarwa ba ya kai gidan ko'ina, alhali shi yana cin mai kyau a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yan. Rabi ta shiga sayar da abinci ta riƙe su. 'Yarta Saudatu ta auri attajiri, Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta ci amanarsa ta watsar da shi, aka matsa wa Rabi ta koma.

Mai karatu zai ga ƙashin bayan tatsuniya a nan sarai. Rabi ce bora, Delu ce mowa, auren Saudatu shi ne ƙaramin ƙwai, gobarar kasuwa kuwa babban. Amma marubuciyar ta yi abin da tsohuwa mai tatsuniya ba ta yi: ta jawo maigida daga bayan labule ta tsai da shi a tsakar gida. Tun Delu ba ta shigo ba an riga an nuna yunwar yaran da rowar ubansu, don haka ba dama mai karatu ya ce mace ce ta juya shi. Delu ta tarar da hali ne ta hau. Wannan jeri na al'amura, watau sa zalunci gaba da zuwan kishiya, shi ne mafi ƙarfin hikimar littafin, ko da ya ke masu sharhi sun fi zuba tawadarsu a kan maganar auren mace fiye da ɗaya da sakin wulaƙanci.

Wane irin mutum ne Alhaji Abdu? Ba mahaukaci ba ne irin wanda mutanen Kano za su ce a kai shi Dawanau. Yana ciniki, yana lissafi, yana shiga mutane, a kasuwa ana ganinsa da mutunci. Ba kuma talauci ya hana shi ba. Abin da ya rasa shi ne ganin iyalinsa a matsayin mutane masu jin yunwa da jin zafi kamarsa. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga cikin 1974, ya lissafta halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da karamci da kunya da adalci. Alhaji Abdu yana da rigar waɗannan a waje, ya kan tuɓe ta a zaure. Hausa tana da sunayen irinsa da yawa: marar imani, marar tausayi, mai baƙin hali. Tana kuma da hukunci a kansa, cewa hali zanen dutse ne.

A nan ilmin likitocin ƙwaƙwalwa na zamani ya zo kusa da maganar Bahaushe. Suna da wani babi da su ke kira cutar karkatar hali, watau mutum ya tashi tun ƙuruciya da wata karkata a yadda ya ke ganin kansa da yadda ya ke zama da mutane, ta zauna masa shekara da shekaru, ta riƙa cutar da shi ko waɗanda ke tare da shi, alhali hankalinsa na rarrabe dare da rana yana nan. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki cikin 2022, ya auna ta da nauyinta, mai sauƙi da matsakaiciya da mai tsanani, sa'an nan ya ambaci fuskokinta, ciki har da rashin damuwa da haƙƙin wasu da rashin jin tausayinsu. Inda likitoci suka rabu da karin maganar shi ne, su sun ga zanen yana iya dushewa da doguwar jinya ta magana, in mai shi ya yarda akwai abin gyara. Sai dai a yi hattara. Mutumin cikin littafi ba ya zuwa asibiti, mai nazari kuwa ba likita ba ne, kuma da yawa daga masu wannan lalura ba su zaluntar kowa sai kansu, kamar yadda azzalumai da yawa lafiyarsu ƙalau. Amfanin wannan ilmi ga mai nazari ɗaya ne tak: yana sa shi ya tambayi ko gobara tana canja hali. Littafin, don gaskiyarsa, bai ce tana canjawa ba. Alhaji Abdu ya karye, amma karyewa daban, tuba daban.

Inda littafin ya gaza shi ne wajen yaran, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Tara ne, amma ɗaya kaɗai aka bi da ita nesa, ita ma ta hanyar neman aurenta, da dogon labarin matan da Alhaji Abubakar ya aura kafin ita, wanda ya cinye tsakiyar littafin ba tare da ya ƙara wa jigon wani abu mai yawa ba. An nuna abin da uban ya hana su na ci da sutura da bukatun makaranta. Abin da ya bar musu a zuci, an wuce shi da sauri. Yaron da ya girma a irin wannan gida ya kan koyi karanta fuskar ubansa tun daga sallamarsa a ƙofa, ya san takun da ke nufin lafiya da wanda ke nufin a ɓuya. Ya kan ɗauka laifinsa ne. Ya kan ga ana girmama mutumin nan a masallaci, sai ya fara shakkar abin da idonsa ya gani a gida. Ga kuma tsoron baki, domin an gaya masa tun yana goye cewa albarkarsa duka tana hannun wanda ke cutarsa, in ya kai ƙara wurin kawu ko baffa, abin da zai ji bai wuce a yi haƙuri, uba uba ne. Binciken da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 17,000, wanda aka fara buga sakamakonsa cikin 1998, ya nuna cewa gwargwadon yawan irin wannan wuya ta ƙuruciya, gwargwadon yawan baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye da ciwon zuciya bayan an girma. Auren attajiri ba ya wanke wannan. Saudatu ta fita daga gidan ubanta tsab kamar yadda 'yar bora ta komo daga Bagaja, ba tabo, kuma a nan tatsuniya ta rinjayi marubuciyar.

Amma a ƙarshen littafin ita ta rinjayi tatsuniya. Da tsohuwa ce ke ba da labarin, da an tsaya a kan gobara, mugu ya ga sakayya, yara su tafi barci. Hajiya Balaraba ta ƙi tsayawa nan. Ta sa manyan maza suka taru suka mai da Rabi ga mutumin da ya kore ta, yanzu da ba shi da kome sai bukatar mai dafa masa. Wasu masu karatu sun ɗauki wannan a kan sulhu, wasu sun zarge ta da ja da baya. Karatun da ya fi dacewa da littafin shi ne cewa ƙarshen nan ƙara ce ta shigar. Alhakin ya bi mai shi, gaskiya ne, amma da ya iso sai aka sauke shi a kan matar da 'ya'yanta su yi dakonsa. Abin lura kuma, shari'a ba ta tare da Alhaji Abdu tun farko. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya ke a Risala ta Ibn Abi Zaid wadda kowane almajirin ilmi ya sani, ciyar da 'ya'ya wajibi ne a kan uba ko ya saki uwarsu, renonsu kuwa haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace ta tare a ɗakin miji. Mutanen da suka san hanyar gidan Rabi ranar da a ke neman ta koma, ba su iya tilasta wa mijinta wannan wajibi ba shekarun da ta yi tana tsaye a bakin murhu.

Littafin ya sami tafiya. An mai da shi fim cikin 1998, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi da Ingilishi aka buga a Indiya cikin 2012. Jihar Kano ta sami dokar kare yara cikin 2023, shekara 20 bayan ta Tarayya ta 2003. Amma malamin da kwaleji ta horar aka tura shi Balan ko Ajingi, shi ne zai fara ganin yaron tun kafin doka ta gan shi, kuma a ajinsa za a karanta irin wannan labari. In ya yi tambayar da aka saba, watau wane darasi labarin ya koyar, ɗalibai za su amsa da baki ɗaya cewa mahaƙurci mawadaci, domin amsar da tatsuniya ta ba su ke nan tun suna ƙanana, yaron da abin ya shafa kuwa zai ji an sake gaya masa abin da kawunsa ya gaya masa. Tambayoyin da littafin kansa ya buɗe wa ƙofa wasu ne: yaushe yunwa ta shiga gidan Alhaji Abdu, kafin Delu ko bayanta, su wa suka yanke shawarar komawar Rabi, kuma a cikin mutanen gidan nan goma sha ɗaya, muryar nawa aka ji ranar da aka yanke ta.