Gwanin da ke Karanta Zafin Inji

Motar da ta ɗauko albasa daga Danwarai ko Aliero takan sharara har bakin Jega allurar zafi na tsaye a tsakiya, ko motsi ba ta yi. Sai an shiga cunkoson ranar kasuwa, inda hanyar Sakkwato ta haɗu da ta Birnin Kebbi da wadda ta gangara Maiyama, ga tirela a gaba ga 'yan kabu-kabu ta ko'ina, sannan allura ta fara hawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, kafin ka ankara tururi ya turnuƙe bonet, direba ya fito da jarka yana neman ruwa.

Bakaniken ƙwarai ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi: "Alhaji, a tsaye take ɗaukar zafi ko a guje?" Rabin aikin yana cikin amsar nan. Mota in tana gudu, iskar hanya ce ke ratsa lagireto tana sanyaya ruwa. In ta tsaya, fanka kaɗai ta rage mata. Don haka wadda ke lafiya a kan titi amma ta tafasa a cunkoso, fankarta za a fara tuhuma. Wadda kuwa ke zafi a guje da kaya, sai a duba toshewar lagireto ko famfon ruwa.

Bakanike zai bari inji ya huce, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskar mutane da dama. Murfin ma abin dubawa ne. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120, kuma da robarsa ta tsage wannan gatan ya tafi. Daga nan ya cika ruwa, ya tayar da mota, ya bar ta a sulo, ya tsuguna yana jiran fanka ta tashi. In shiru, sai ya bi layi daga abu mai araha zuwa mai tsada: fiyus, rile, sannan makunnin da ke jin zafin ruwa. A Golf 3, wadda direbobin haya suka sani kamar yunwar cikinsu, makunnin yana jikin lagireto. Bakanike ya zare soket ɗinsa, ya lanƙwasa guntun waya ya haɗa baki biyu. Fanka ta ɗauka, makunni ne ya mutu, kuɗi kaɗan. Ba ta ɗauka ba, ya jona ta kai-tsaye da batir don ya ji ko motar fankar ce ta ƙone.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin hannunsa. Aliero ta yi suna da masu ɗori, waɗanda ke gane karaya da lalube, to haka shi ma yake bin inji. Ya dafa tiyon sama ya ji zafi jau, ya dafa na ƙasa ya ji sanyi ƙalau, ya san ruwa ba ya zagayawa, galibi tamostat ne ya maƙale. Ya kashe inji, ya shafa fuskar lagireto a hankali, inda duk tafinsa ya ji sanyi a tsakiyar zafi, nan hanyar ruwa ta toshe. Ruwan rijiya da ake ɗurawa kullum shi ke barin tsatsa da gasara a ciki. Daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun liƙe ramukan da iska ke bi.

Akwai gyaran gaggawa da ya zama ruwan dare: a cire tamostat a jefar, a ɗaure fanka dairek ta yi ta juyi tun daga tayar da mota. Ana cewa wai ƙasarmu ta fi ƙarfin kayan Turai. Ni dai ban yarda ba. Tamostat yana buɗewa tsakanin digiri 80 da 90 ne domin a nan inji ya fi ƙona mai yadda ya kamata. Cire shi na ƙara shan mai, fankar da ba ta hutu ta mutu da wuri, ainihin ciwon kuma yana nan a ɓoye. Gwani sabon tamostat yake sawa, ya wanke lagireto, ya lallaɓa mai mota ya sayi ruwan kulan.

Wanda ake tsoro shi ake dubawa a ƙarshe. Ya leƙa bakin lagireto inji na aiki, ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya ga ko ya koma kalar shayi da madara. Ya tura yaro bayan mota: "Kai, duba salansa, farin hayaƙi take yi?" In alamomin nan sun taru, gasket ya ƙone, sai an sauke kan inji an kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita shi, domin alminiyon yana kantarewa da zafi. A nan zai ce wa direba ya nemi wata motar ta ƙarasa da albasar, wannan kam kwana za ta yi a gareji.