Masu Raba Tasha da Ƙugi a Gidan Bene

Duk wanda ya daɗe yana sauraren gajeren zango a cikin gari ya san cewa da an ɗauke wuta a unguwa sai akwatin rediyo ya washe. Tashar da ɗazu ake jin ta can ƙasa-ƙasa cikin ƙugi da huci, nan take sai ta fito tar, har a ji numfashin mai karanta labarai. Haka za ta yi ta tafiya lami lafiya zuwa lokacin da maƙwabta za su tada janareta. Yawancin mutane sukan yi mamaki su wuce. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, wasunsu masu gyaran rediyo, wasu kuwa ma'aikata ko 'yan kasuwa da abin ya shiga ransu, waɗanda suka tsaya suka yi wa wannan ɗan lokaci karatun ta-natsu. Sun gane cewa tashar tana nan tun farko, ɗakin ne ya cika da hayaniyar lantarki wadda kunne ba ya ji amma rediyo na ji. Daga wannan ganewa duk gwanintarsu ta taso.

Sabon Bahaushe da gajeren zango ba na jiya ba ne. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Jamus da Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ga kuma Rediyon Kaduna da aka saba kamawa a kan mita 49. A ƙauye, cikin ɗakin ƙasa mai rufin azara, 'yar Kchibo mai batir biyu ta isa ta kamo irin waɗannan tashoshi. A ɗauki wannan rediyo ɗin a hau da ita hawa na uku a Abuja ko Legas, sai ta zama kurma. Mai ita ya ɗora mata laifi, ya je kasuwa ya sayo wata mai tsada, ita ma ta yi masa abin da ta farko ta yi.

Abin da ake ƙoƙarin kamawa ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso. BBC ta daɗe tana harbo shirye-shiryenta na Afirka ta Yamma daga tsibirin Asenshon da ke tsakiyar Tekun Atlantika, fiye da kilomita 3,000 daga Kano. Siginar takan tashi sama ta bugi wani shimfiɗi na iska mai caji, ayonosfiya, a wajen kilomita 200 zuwa 400 daga ƙasa, sannan ta lanƙwaso ta sauko. In ta iso, ƙarfinta a jikin eriya ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai ko kusa da bolt ɗaya ba. Wannan 'yar gajiyayyiyar baƙuwa ita ake so ta ratsa bangon bene, wanda ginshiƙansa da rufinsa kankare ne da aka saƙa wa rodi a ciki, ga ƙarfen tsaro a kowace taga. Rodi na shanye kaso mai yawa. Ɗan abin da ya tsira ya shigo kuma, sai ya tarar da cajar waya, ƙwan LED, talabijin, dikoda, inbata da na'urar cajin sola, kowanne na ta surutunsa. Kusan dukkansu suna aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan kunne-kashe yana fesa tartsatsin da ke bazuwa ko'ina a gajeren zango, yana bin wayoyin da ke cikin bango har ɗakin maƙwabci.

Shi ya sa in aka kira gwani ya duba rediyon da ba ta kamawa a bene, ba ya fara da sukuddireba. Abu na farko, yakan zare adafta ya sa batir, domin sau da yawa adaftar da aka saya don a huta da kuɗin batir ita ce babbar mai laifi. Sai ya murɗa zuwa wurin da babu tasha a tsakanin mita 31, ya ƙara murya, ya ce wa maigida, "Alhaji, a sa yaro ya kashe mana babban makunnin gidan nan." In ƙugin ya faɗi, to ɓarawon na cikin gida, kuma labari ne mai daɗi, don na gida ana iya kama shi. Daga nan a dawo da wuta, a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Yana kuma yawo da rediyon a hannu daga kusurwa zuwa kusurwa, yana kara eriya kusa da soket da ƙwai, inda ƙarar ta tsananta nan ne gidanta.

A nan ne abin ke ba ni sha'awa, domin waɗannan mutane sun koyi bambance ƙara da ƙara. Ƙugi mai kauri da ke maimaita kansa a tazara iri ɗaya yayin da ake murɗa allura, wannan caja ce ko inbata. Tas-tas-tas mai hawa da sauka tare da ƙarar inji, fulogin janareta ne ko na babur ɗin da ke wucewa. Fashewa ɗaya-ɗaya da damina, walƙiya ce da ake yi can nesa, ba ruwan kowa. Tashar da ke lumshewa ta dawo a hankali kuwa, wannan halin sama ne. Gwani ba ya ɓata lokacinsa a kan abin da ba shi da iko da shi. Caja mai arha da aka bari a soket ba waya a jikinta, a zare ta. Ƙwan da ke ihu a canja shi da wani, don ƙwai biyu masu haske ɗaya na iya shan bamban ƙwarai wajen hayaniya. Abin da ba ya zaruwa, kamar wayar dikoda ko ta inbata, sai a naɗa ta sau uku ko huɗu cikin zoben ferayit daf da inda ta fito daga na'urar. Wannan ƙullutun da ake gani a jikin wayar cajar kwamfuta shi ne ferayit, kuma masu gyara kan ciro shi daga matattun kaya su adana.

Bayan an rage surutu, sai a nemo wa rediyo mazauni. Irin wannan hayaniya ta cikin gida tana raguwa da sauri in an matsa, taku biyu ko uku na iya raba "ba a ji" da "ana ji". Bakin taga ya fi tsakiyar ɗaki, baranda ta fi taga. Wanda ke hawan sama yana da sa'a, ya fi nisa da janaretocin ƙasa.

Sai maganar waya, inda mutane da yawa ke yin kuskure. Eriyar da ke jikin rediyo ba ta cika kai mita ɗaya ba, alhali zangon da ake nema tsawonsa mita 25 ne ko 31, don haka ƙara mata tsawo na da amfani. Siririyar waya mai rigar roba, mita biyar zuwa bakwai, a bi da ita gefen taga ko a sako ta daga baranda a ɗan nesa da bango, ta wadatar. Kamfanin Sony ma irin wannan tsawo ya riƙa sakawa a 'yar wayar naɗi da yake haɗawa da rediyoyinsa. Amma mai zumuɗi sai ya ce in bakwai ta yi kyau, talatin za ta fi. Ya ja waya har rufin bene, ya ɗaura ta a eriya, sai ga tashoshin gida na FM da na matsakaicin zango sun cika ko'ina, ga tashoshi biyu a kan juna. Ƙaramar rediyo an gina ƙofarta ne daidai da 'yar eriyarta, in aka tura mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta rikice. Dabarar gwanaye a nan mai sauƙi ce har ta ba da dariya: ba sa haɗa ƙarfe da ƙarfe, sukan naɗa wayar da rigarta sau biyar ko shida a jikin eriyar, su riƙa ƙara naɗi ko ragewa har murya ta daidaita. Ita ma bustar da ake tallatawa a kasuwa, a ganina asarar kuɗi ce ga mai zama a bene, domin ba ta san tasha ba ba ta san caja ba, duka biyun take kumburawa.

Ƙololuwar wannan sana'a ita ce eriyar zobe. Ana samun bututun jan ƙarfe irin na masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki, kimanin mita uku da 'yan kai, a lanƙwasa shi ya zama da'ira mai faɗin mita ɗaya, a bar 'yar tazara a sama. A wannan tazara ake liƙa kafasita mai juyawa da dalma, irin mai faifan alminiyam da ake cirowa daga tsohuwar rediyon katako. A ƙasan da'irar, daga ciki, sai a sa wani ƙaramin zobe na waya, faɗinsa kashi ɗaya cikin biyar na babban, ba tare da sun haɗu ba, shi ne ake ja zuwa rediyo. Ba batir, ba wuta. In an juya kafasitar a hankali za a zo wani wuri ƙanƙane inda tashar za ta yi tsalle ta fito, a gota kaɗan ta koma. Zobe mai wannan girma yakan ɗauka daga mita 49 har wajen mita 19, kuma da yake tasha ɗaya yake zaɓa ya yi watsi da saura, matsalar cunkoson nan ba ta taso ba.

Babban sirrinsa kuwa shi ne yana da gefen da ba ya ji. Abin da ya fito masa ta gefen bakin bututun yana kamawa sosai, abin da ya nufo ramin da'irar kai tsaye kusan ba ya kamawa. To ga inbatan maƙwabci a bayan bango, wanda ba dama a ce masa ya kashe. Sai gwani ya juya zoben a kan gindinsa sannu a hankali, kamar mai juya tsire a bakin wuta, har ramin ya fuskanci inbatan, ƙugin ya nutse. Tashar ba ta nutsewa tare da shi, saboda ita daga sama take saukowa a karkace, hayaniyar kuwa a miƙe take zuwa daga wuri guda. Mutum ya yi maganin abin da ya dame shi bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, kuma mai gidan haya bai ga an huda masa bango ba.

Cikin akwatin kansa akwai ɗan aiki, amma bai kai yadda ake zato ba. A wanke makunnin zango da ya yi datti, a ɗaure sukurun gindin eriya, a canja kafasitocin da suka bushe a tsohuwar rediyo. Wanda hannunsa ya faɗa yakan canja matatar 455 kHz da wadda ta fi ta matsi, domin tazarar 5 kHz ce kawai tsakanin tashoshin gajeren zango, matata mai faɗi kuwa takan shigo da maƙwabciyar tasha. Waɗannan 'yan gwangwanaye masu sukuru mai launi da ke kan allo, alamar gwani ita ce ba ya taɓa su sai da na'urar awo. Rediyoyi da yawa sun mutu a hannun mai murɗa su da ka. In kuma ana jin tasha ɗaya a wuri biyu da tazarar 910 kHz, wannan halittar rediyo mai arha ce, zoben yana rage shi, amma maganinsa na gaskiya sai irin su Tecsun PL-660 ko Sony ICF-SW7600GR.

Saura sanin lokaci, wanda tsofaffin masu sauraro suka haddace tun kafin a yi musu bayani. Da rana wani shimfiɗi na ƙasa-ƙasa a ayonosfiya yana shanye zangon mita 49 da 41, sai a hau mita 19 da 16. Da faɗuwar rana yakan watse, a sauko mita 31 da 41. Shi ya sa gidajen rediyo ke sanar da mita fiye da ɗaya a kowane shiri, kuma gwani yakan gwada dukkansu, don wata rana wadda ta fi rauni ita ce ta faɗo inda cajar maƙwabci ba ta kai ba.

Wanda ya zaɓi sako waya daga baranda, kada ta kusanci wayar lantarki ko kaɗan, kuma da hadari ya haɗo a cire ta daga rediyo. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura na tara caji a doguwar waya har ta riƙa tartsatsi, kuma wannan ya isa ya ƙona tiransistar farko ta rediyo mai tsada. Shi ya sa masu sana'ar ke cire wayar duk sanda aka gama sauraro, su naɗe ta su rataye a ƙusa.